Wani Injiniyan ya shigo gari

Daren Laraba, Gwarzo

Barci ya ƙi zuwa. Yau a taron iyaye, shugaban makaranta ya kira yaron nan na Kabo, Malam Nura, “Injiniya” a gabana. Ni ake kira haka a garin nan tun da na buɗe shagona. Ba wanda ya koya mini kwamfuta, da hannuna na kwance ta na ɗaura har na iya.

Wai ya koya wa ɗalibai zana taswira da wata manhaja ta kyauta. Suka haska taswirar Sabon Birni a bango, ga rijiyoyin burtsatse, masu aiki da shuɗi, matattu da ja. Dagaci har da miƙewa yana neman ta ƙofar gidansa. Aka yi ta tafi. Kwamfutocin makarantar fa ni na gyara su, amma ko sunana ba a ambata ba. Kuma ni na ce wa shugaban abin kyauta ba ya ƙarko.

Abin haushi, aikin ya yi kyau.

Bayan isha na ce wa 'yata Hafsat ta kwafo mini manhajar, in duba musu ko lafiyarta ƙalau.

Ta yi dariya. “Baba, in so kake ka koya, Malam ya ce ka zo ajinmu na Asabar. Akwai wuri a bencinmu.”

Ni? A benci ɗaya da 'yata?

Na ce ina da aiki ranar Asabar. Sai da ta kai bakin ƙofa na tambaye ta ƙarfe nawa suke farawa.