Kwamfutocin da Jinaidu Ya Kwashe Ina Takaba

Kontagora,
Yuli, 1997.

Yaya Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan lafiya, yara suna ta haƙurin rashin mahaifinsu, ruwan sama kuma sai godiya.

Yaya, da ɓacin rai nake rubuto maka. Ranar Asabar Jinaidu, ƙanen marigayi, ya shigo da mota ya kwashe kwamfutocina guda biyu. Wai ya yi wa wani gidan adana kayan tarihi a nan Kadunarku alkawari, za a ajiye su da sunan yayansa, wanda ya fara kawo kwamfuta Kontagora. Ina daga ɗaki ina jin ana jan tebur. Na aika a tambaye shi, ya ce a gaya mini mai takaba ba ta sa baki a kayan duniya. Babin takaba na karanta shi tun Jinaidu yana yawo ba wando, ban ga inda aka ce a yashe mai takaba ba. Ya dai san ba zan fita in bi mota ba, shi ya sa bai jira na gama ba.

Hujjarsa wai a turakar Malam ya same su. To, nan ne kaɗai rufin ba ya yoyo. Kai shaida ne, gonata ta Mashegu na sayar, kai ka raka ni Legas muka sayo ta farko. Malam, Allah ya jiƙansa, ko ƙurarta ba ya sharewa don tsoron kada ta ja shi. Ni na koya wa 'yan matan garin nan bugu a kanta. Ko da nasa ne ma, wa ke kyautar da kayan marayu ba a raba gado ba?

Ba kyautar nake ƙi ba. Sun tsufa, kuma zan so jikokinmu su ga abin da muka fara da shi. Amma ni zan miƙa su da hannuna, a rubuta sunana. Don Allah ka je wurin shugaban gidan kafin su yi bikin karɓa, ka ce su dakata har in fita. In ya tambayi dalili, ka ce mai kayan ba ta mutu ba, takaba take yi.

Ka gaishe da Yaya Nagoggo, da Attahiru, da Na'inna ɗan lelena.

Ƙanwarka,
Raliya.