Hajjo da Kamshaf ɗin Tsere

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau motata Hajjo ta ba ni kunya a hawan rafin Dingaya. Buhu goma sha biyu kacal na riɗin Hajiya Kulu, muna kaiwa tsakiyar hawa ta yi tari biyu ta mutu. Sai da aka sauke rabin kayan aka tura. Shekara ashirin da bakwai ina hawa wurin nan da motar nan, Fijo 404 akori-kura, tun tana da fenti a jiki, ban taɓa sauke ko buhu ɗaya ba.

Hajiya Kulu ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Malam Badaru, dawa tana nan tafe. In motarka ba za ta iya ba, ka gaya min tun yanzu in nemi wani." Rabin lodin da nake yi da kaka nata ne da na danginta. Ranar da ta juya min baya, Dingaya duka ta juya.

Na ce mata za ta iya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Timothy ya buɗe injin a garejinsa na nan Birnin Kudu. Tun ranar da na sayi Hajjo babu makanikin da ya taɓa sa mata sifana sai shi. Ya zaro kamshaf, ya ɗora min a cinya, ya kama yatsana yana bi da shi kan ƙusumbin nan takwas masu ɗaga bawul. Uku sun cinye, sun yi sumul. Ya ce bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata, injin ba ya shan iska, ta ina ƙarfi zai fito?

Har nan muna tare. Sai ya ɓata rawarsa. Wai, "Direba, ka bar injin nan ya huta. Mu sa mata na Japan, irin wanda kowane makaniki zai iya taɓawa."

Na ce in an cire wa Hajjo injinta me ya rage, bodi da lamba? Na ce tsufa ne ya kawo masa ƙyuya. Ya goge hannunsa da tsumma. Na taso na bar shayin da ya aika aka kawo min.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kano, Ƙofar Ruwa, tun safe har la'asar. Shago nawa na shiga, Allah kaɗai ya sani. Ana jin na ce 404 sai a yi murmushi. Wani ya ce, "Baba, ai wannan sai gidan tarihi." Wani ya ciro min wani mai tsatsa, na ɗora shi kusa da nawa, ko tsayinsu bai zo ɗaya ba, yana ta rantsuwa shi ne.

Abu ɗaya na samo: an ce akwai wani Gerald mai injin gurza ƙarfe, yana gyara fuskar kamshaf ta koma sabuwa. Na je. Ya duba nawa ya ce ya cinye da yawa, in samo mai sauran nama a jiki.

Talata, 15 ga Oktoba

Matata Ummussalma ta ce tun da na dawo daga Kano ban yi mata magana ba sai ta ƙarfe. Ƙarya take, na tambaye ta ina hulata.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Alhamdu lillahi. A tasha wani ya tuna min da 404 ɗin marigayi mai dakon gyaɗa na Wurno. Bayan masallaci na hau acaɓa na tafi. Tana nan bayan gida, ba taya ko ɗaya, kaji sun mayar da gidan gaba akurki. Babban ɗansa ya ce in ciri abin da nake so, dama damunsu take yi. Ni da sifanu biyu, har hannuna ya fashe. Amma kamshaf ɗin! Baƙin mai ya rufe shi ruf, tsatsa ba ta kai gare shi ba sai ɗan kaɗan a ƙusumbi biyu.

Na naɗe shi a rawanina na riƙe a ƙirji har gida. Mai acaɓa ya ɗauka bindiga ce.

Talata, 22 ga Oktoba

Wurin Gerald. Yana da wasu faya-fayan ƙarfe rataye a bango, kowanne samfurin fuskar kamshaf ne, injin yana bin samfurin yana gurza naka daidai da shi. Ya ciro na 404 na asali. Sai na hango wani a gefe da jan fenti, na ce wancan fa? Ya ce na tsere ne, irin wanda ake sa wa Fijo masu gasar gudu a da. Bawul zai buɗe sosai, ya daɗe a buɗe, injin ya sha iska ya ƙoshi.

Na ce shi nake so.

Ya ce, "Oga, wannan na kwalta ne. Sai injin ya yi sama yake ba da ƙarfi. Kai me kake ɗauka?" Na ce abin da nake ɗauka ba ruwansa. Ya sake faɗa, na sake faɗa. Ya ɗaga kafaɗa ya kunna injinsa.

Ƙarfi ai ƙarfi ne, a kwalta ko a yashi. So nake in hau rafin nan da buhu goma sha biyar Hajiya Kulu tana kallo, labari kuma ya kai kunnen wani mutum da ya ce injina ya huta.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na kai wa Timothy. Bai ko kalle shi sosai ba, shafa shi ya yi da babban yatsa, ƙusumbi bayan ƙusumbi. Ya ce, "Wa ya yi maka wannan?" Na gaya masa. Ya ce aikin ya yi kyau, amma ba na motar kaya ba ne, kuma shi ba zai ɗaura ba. "Ba zan sa abin da zai kashe ka a hawa da hannuna ba."

Na ce makanikai ba su ƙare ba a Jigawa.

Ya ce, "Haka ne, Direba." Shi ke nan abin da ya ce. Wannan sanyin halin nasa shi ke ƙona min rai, mutum ba zai taɓa ɗaga murya ka samu abin kamawa ba.

Na sa an jawo min Hajjo daga garejinsa da igiya, rana tsaka, kowa yana gani. Na san abin da hakan yake nufi. Da gangan na yi.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana biyar muna Gwaram, garejin Khuzaima. Mutumin kirki ne, gwani ne kuma a kan motocin yanzu, amma bai taɓa buɗe Fijo ba. Sau biyu yana ɗaura sarƙar tayimin a karkace. Yana aiki yana duba waya. Ni da sitiyari ne sana'ata, ni nake ce masa, a'a, ba haka ake yi ba, na ga ana fara wancan.

Ban faɗi sunan wanda na gani yana yi ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ta tashi! Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu ba kaya, na taka ta. Wallahi tun tana budurwa ba ta taɓa gudu haka ba. Na wuce wata Sharon, direban ya leƙo kai yana kallo baki buɗe. Ina tafe ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Na bi ta gaban garejin Timothy ba tare da ina da abin yi a layin ba. Yana ƙarƙashin wata mota. Na san ya ji.

Litinin, 4 ga Nuwamba

In tana tsaye karkarwa take kamar mai zazzaɓi, sai na riƙa ba ta wuta kar ta mutu. 'Yan tasha sun ce Hajjo ta fara shaye-shaye. Su yi ta faɗa. Mai kuma tana sha kamar ba gobe. Sabon abu ne, zai zauna.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ba na son rubuta wannan.

Dawar Hajiya Kulu, buhu goma sha biyar, ni na ce a ƙara ukun. A cikin yashin rafi ba wurin ɗaukar gudu, dole a hankali ake shiga hawan. To a hankali ɗin nan Hajjo ba ta da komai. Wayam. Na ba ta wuta tana ihu, na saki kuloci ta mutu. Na sake. Na sake. Har warin kuloci ya cika wurin, sannan ta fara silalowa baya da kaya a kanta. Allah ya sa mutane sun yi saurin jefa duwatsu a bayan taya.

Shanun huɗa biyu aka ɗauro suka fitar da ita. Shanu.

Hajiya ta ba wani mai tifa wannan lodin. Ta ce akwai sussuka ta biyu wajen ƙarshen Disamba, saboda daɗewarmu za ta jira ni zuwa lokacin, daga nan kuma kar in ga laifinta. Ban ga ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Gerald ya faɗa. Wancan ma ya faɗa. To sai me? Yashin bana ya fi na kullum zurfi, kowa ya shaida.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kwana goma Hajjo tana ƙofar gida. Na yi tunanin komawa Kano a mayar da shi fuskar asali, Gerald ya ce a waya ba sauran naman da za a gurza. Wata 404 ɗin kuma ban san inda take ba.

Yau da hantsi na haɗu da Dinatu, matar Timothy, ta fito daga coci. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Muka gaisa. Ta ce, "Malam Badaru, ba za ka zo ku yi sallama da abokinka ba?" Na ce sallamar me, Maman Rebecca?

Ashe tafiya za su yi. Gida, Bogoro, kafin Kirsimeti, kuma ba dawowa. Idonsa ne. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bi, yara suka ce ya isa haka. Ta ce tun da damina yake neman bakin gaya min ya kasa. "Kullum maganarsa, in na tafi wa zai taɓa wa Direba injin Fijo a garin nan? Shi ya sa ya nace a canza tun yana iya gani."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban san me na ƙara cewa ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Shi ma da laifinsa. Mutum yana da baki. Shekara ashirin da bakwai, ya ci tuwon sallata, na ci shinkafar Kirsimetinsa, sunan 'ya'yana duka ya zo, amma ya rasa yadda zai ce min idonsa na ciwo? Ya bar ni ina ce masa mai ƙyuya a gaban mutane. Ya bar ni na ja mota da igiya.

Ba zan je ba. Shi ya kamata ya zo.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na je. Ba don komai ba, kuloci ya ƙone, dole wani ya duba.

Ya rage kaya a garejin, rabin bango ba komai. Na ajiye makulli a kan benci. Ya ce, "Me za a yi mata?" Na ce abin da ya ga dama. Ya ce akwai wani injin Japan mai kyau da ya sa aka riƙe masa tun watan Satumba. Tun Satumba, kafin ma ta ba ni kunyar farko.

Na ce sharaɗi ɗaya, tsohon injin ba za a ba 'yan gwangwan ba, gida zan kai shi. Ya ce ya sani. Ya aika a kawo shayi. Na sha.

Asabar, 14 ga Disamba

Kullum ina can. Ya yanka ƙafafun injin, ya yi walda, ya haɗa giya. Ya sa an kira Khuzaima daga Gwaram ya wuni biyu yana nuna masa duk abin da ya canza, don gaba. In noti ya faɗi ƙasa lalube yake yi da hannu. Ina miƙa masa kamar ban lura ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Sun tafi da safe. Ban je tasha ba, ina da aiki.

Ba ni da aikin komai.

Litinin, 23 ga Disamba

Dingaya. Buhu goma sha biyar. Ta shiga yashi a giya ɗaya, ta kama hawan ta haye ko tari babu. Hajiya Kulu ta ce in dawo jibi, akwai na ƙanenta.

Ba muryar Hajjo ba ce. Wani siririn sauti ne kamar keken ɗinki, har yanzu in na tayar sai in waiga in ga motar wa ce. Ban ce ya fi ba. Na dai ce ta hau.

Da na shigo gari bayan la'asar na biyo ta layin gareji, na danna hon sau biyu kamar yadda nake yi duk ranar da na dawo lafiya da lodi. Sai da na kai kwanar layin na tuna ba wanda zai ɗago hannu.