Hon ɗin Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwa a ranki. Barci ne kawai ke min gardama tun da aka yi jana'izarta ba na nan.

Kamfanin bai ba ni mota ba tukuna, wai sai na ci gwaji a wata na'ura. Kujera ce da sitiyari, sai manyan talabijin masu nuna hanya. Ni da na yi furfura a kan tirela, yau ga ni ina tuƙi a cikin ɗaki!

Jiya hanyar ta bi da ni ta wani ƙauye. Ga gida a bakin titi, ga bishiya a ƙofa. Kin san in na biyo ta ƙofar gidanmu da kaya ba na iya tsayawa, sai dai in danna wa Inna dogon hon, ta miƙe tana ɗaga min hannu. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya danna ba.

Mai koyar da mu ya tsayar da na'urar, ya ce, "An rage maka maki. Wa kake wa hon? Ai babu kowa a wurin."

Na ce, "Na sani, malam."

Mako mai zuwa zan sake gwajin, ki sa ni a addu'a. Kuma don Allah, kujerarta ta ƙarƙashin bishiya, a bar ta a wurin sai na dawo.

Ƙaninki