Saƙon Ruwan Sama Yana Wayar Mijina, Ni Kuwa Ina Gona

Zuwa ga Hajiya Shugabar shirin tallafa wa mata manoma a kan sauyin yanayi, ofishin Abuja.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa. Ya aiki, ya iyali? Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya.

Sunana Ladi, manomiya ce ni a wani ƙauye da ke bayan Kuje. Gyaɗa da masara nake yi a gonar da mijina ya bar mini tun da ya koma tuƙin tasi a Wuse, sai Lahadi yake leƙo gida. Ko ba ki san sunana ba, kin san fuskata. Ni ce ta hoton da ke kan allonku na bakin hanya, mai jan ɗankwali, riƙe da fartanya ina ta dariya. Na rubuto a fili ne don na gaji da zarya, kuma wallahi har yanzu ban gane abin da ya same ni ba.

Na ɗaya. Bara bayan girbi ma'aikatanku suka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Abin da muka daɗe muna gani suka faɗa: damina ta daina riƙe alkawari, ruwa ya zuba sau biyu, mu shuka, sai ya ɗauke. Suka ba mu iri mai saurin nuna, suka ce za a riƙa turo mana saƙo ta waya, a gaya mana lokacin shuka da lokacin dakatawa. Suka ce shirin na mata ne zalla, tunda mu ne a gona. Ranar har guɗa muka yi.

Na biyu. Malamin da ya rubuta sunayenmu dattijon kirki ne mai kunya. Da ya zo kan lambar waya sai ya sunkuyar da kai. Ina zai iya tambayar matan aure lambarsu a gaban mai unguwa da surukansu? Sai ya ce kowace ta ba da ta maigida. Mu ma sai muka ji sanyi, don babu wadda za ta ɗaga murya ta karanto lambarta a gaban wan mijinta. Wayata tana ɗaure a bakin zanena na ba da ta mijina. Ban ga laifin malamin ba, ban kuma ga nawa ba, haka aka rene mu duka. Amma ashe a nan aka yi ɓarnar.

Na uku. Bana ruwan farko ya sauka, na jira saƙo, shiru. Na biyu ya sauka, ƙasa ta yi laushi, shiru. Na ce to, masu ilmi ba su hana ba, na shuka fiye da rabin irin. Ya tsiro gwanin sha'awa, ruwa ya ɗauke, ina ji ina gani ya ƙone. Na zauna a bakin kunyar gonar na yi kuka mai isata.

Da maigida ya zo ran Lahadi ina yi masa ƙorafinku, sai ya hau sosa ƙeya. Ya ce, "Au, wai su ne? Ni na ɗauka masu tallan nan ne na kamfanin waya. Ina gani nake gogewa." Muka duba, saura guda ɗaya da bai kai ga gogewa ba. Cikin Hausa mai kyau aka rubuta cewa kada a shuka da ruwan farko ko na biyu, zai ɗauke. Saƙon yana aljihunsa yana yawo tsakanin Wuse da Zuba, ni ina duƙe ina binne irina.

Na huɗu, kuma a nan kaina ya ƙulle. Na zo ofishinku a canza lambar, aka ce sai mai lambar ya zo da kansa. Ya ajiye mota ya zo, aka ce masa, "Oga, ba a sauraron maza a nan, shirin mata ne." Muka zo tare, aka ce mai sa hannu ta tafi babban taro a otal kan yadda za a ba mata murya. Sakatariya ta tausaya mini, ta ba ni riga mai hotona.

Ranki ya daɗe, ki taimaka ki warware mini. Idan shirin nawa ne, me ya sa ba ni da ikon canza lambar? Idan na mijina ne, me ya sa aka kore shi? Yanzu bawan Allah ba ya goge komai. Waya na yin ƙara zai faka ya kira ni, har tallan waƙa ya karanta mini. Amma naku ya daina zuwa. Shirun nan yana nufin a dakata ne? Ko an cire sunana saboda yawan zaryata? Ko shirin ne ya ƙare ba mu sani ba?

Roƙona kaɗan ne. A sa lambata a madadin tasa. A turo mace ta sake karɓar lambobin matan ƙauyenmu a cikin gida, inda ba idon suruki, don ba ni kaɗai ba ce. Kafin nan kuma, ko da baki ne, wani ya gaya mini in shuka ko in jira.

Ragowar irin ba shi da yawa, kuma bayansa babu wani. Hadari yana ta haɗuwa kwana biyun nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne matan unguwarmu. Tunda hotona ne a allo, sun yarda ni nake jin maganarku kai tsaye. Na rantse musu ban san komai ba, sun ce ƙanƙan da kai ne. Kowace safiya gonata suke leƙawa. Ranar da na ɗauki fartanya, su ma ranar za su zuba nasu irin na ƙarshe, a kan sanin da ba ni da shi.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya taya ki riƙon wannan amana, ya sa takardar nan ta riga ruwa isowa.

Wassalam.

Taki,
Ladi, daga bayan Kuje.