Watana tara ba jini, maigidana yana kiwon ragon suna

Assalamu alaikum matan wannan gida. Admin ki rufa mini asiri ki cire sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya yi mini nauyi, kuma duk garin nan ba ni da wadda zan iya faɗa wa.

Ni ƴar kasuwa ce a Magaria, shekarata talatin da takwas. Ina saro riɗi da wake a kasuwannin Guci da Dungas da Waca, in tara in ɗora wa kamiyo, wato babbar motar kaya. Da ƴan kwanoni na fara, ba wanda ya ɗaga ni, kuma ban taɓa sayen buhu ban cusa hannu har ƙasansa ba. Ƴata ɗaya ce, tana karatu a Damagaram, tun daga kanta shiru, shekara goma sha shida ke nan.

Bara jinina ya fara wasa, ya zo wannan wata ya tsallake biyu, daga baya ya ɗauke ɗungurungum. Sai wani zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ina tsakiyar ciniki gumi ya jiƙa mini riga sharkaf, barci ya ƙi, ga saurin fushi da ba halina ba. Da azumi na kai wata cur ban sha ko ɗaya ba, kun san mu mata, ana lura da wadda ba ta fashin salla. Inna, uwar mijina, ta kira ni ɗaki tana murmushi ta ce, "Ƴar nan, ashe ɓoye mana kike yi." Kafin la'asar maigidana ya ji, mutumin da bai taɓa goranta mini haihuwa ba, ranar na ga hawayensa.

Ni ma na so in yarda. Amma ba na karɓar kaya sai na duba, sai na tafi likita a Damagaram ni kaɗai, na ce saƙo zan kai wa yarinya. Aka yi eko, wato hoton ciki, aka ɗibi jini. Matar da ta duba ni ta ce ba ciki ba ne, al'ada ce ta tsaya da wuri. Ta ce in rage yaji da shayi mai ƙarfi, in sa tufafin auduga marasa nauyi, in riƙa takawa da safe, in yawaita wake da awara da zogale, in dawo ta ƙara duba ni. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa, ina shiga gida na tarar da ɗan rago ɗaure a gindin dogon yaro. Ya ce na suna ne, gara a kiwata tun yanzu. Na haɗiye maganata.

Da ciki ya ƙi fitowa Inna ta ce kwanciya ya yi. Kullum safe sai ta aiko da jiƙon citta da kanumfari da masoro don a tashe shi, ina sha zafin ya taso ninki biyu, ita kuwa ta ga gumi ta ce magani na aiki. Maigida ya hana ni hawa kabu-kabu zuwa Guci, muka yi cacar baki, ya ce na fi son riɗi da abin da ke cikina, na ce da riɗin nan yarinya take karatu. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da ya fi tsorata ni labarin kakata ne. Zamanin Nasara tana kai gyaɗa Magaria a kan jaki, wajen awon kantuna. A gidanmu ana ba da labarinta da mamaki, wai cikinta ya kwanta shekara bakwai, har mijinta ya rasu yana jira. Mahaifiyata ta ce kakar kullum tana da jiƙaƙƙen ƙyalle cikin ƙwarya kusa da ita tana goge wuya, ba ta rabo da ruwan tsamiya na tulu, ko da sanyi a waje take shimfiɗa. Sai yanzu na gane abin da ya same ta. Ita ba ta da eko, wataƙila da gaske ta yarda. Ni kuwa takardar likita tana ƙasan akwatina.

Na gwada ruwan tsamiyar da zoɓo ba sukari, na bar leshi, na ɗan ji sauƙi, amma jiƙon Inna yana ɓata komai, kuma ba yadda zan ƙi sha ba tare da na faɗi dalili ba.

To ƴan uwa, wadda ta shiga wannan hali da ƙuruciyarta, me ya sanyaya mata jiki a cikin abincinmu na gida? Kuma wa zan fara faɗa wa, shi ko Inna? In kai shi likita ya ji da kunnensa, ko in zaunar da shi a ɗaki? Ba gori nake tsoro ba, fuskarsa nake tsoro. Jiya ya ƙara wa ragon igiya saboda ta matse masa wuya, ya juyo yana dariya ya ce, "Hajiya, wannan kam ya shirya, ku kawai yake jira."