Katin da ya je gidan Malam Tijjani

Yaya Abdurrahman,

Na tafi asibiti aikin safe kana barci, ban so in tashe ka da wannan ba.

Katunan walimar saukar Maimuna da ka ba ni, na yi ɓarna. Jerin sunayen bikin bara na ɗauko, na sa kwamfuta ta ɗora kowane suna a katinsa, ta tsallake duk wanda na rubuta wa "a'a" a gabansa. Waɗanda suka bar gari duk na rubuta musu. Da na zo kan Malam Tijjani, Allah ya jiƙansa, wallahi na kasa rubuta masa "a'a". Na bar wurin fili da niyyar in dawo, na manta. Ita kuwa kwamfuta ina ta san rasuwa? Ta buga masa.

Jiya mai adaidaitan da ke raba katunan ya kai katin gidansa a Daurawa, ya miƙa wa matarsa Hajiya Lami, ga shi ko takaba ba ta fita ba. Ta kira ni. Da faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Basira, ai shi ya fara biya mata Fatiha. Da yana nan, shi zai riga kowa zuwa."

Don Allah kada ka kira ta a waya. Ka je da ƙafarka bayan la'asar, ka ba ta haƙuri. Amma kar ka karɓo katin. Ta ce ta sa shi cikin Alƙur'aninsa.

Basira