Kyanwar da Aka Kai Rabah

Litinin, 6 ga Jimada Lawwal 1357, Wurno
Kyanwar ɗakin littattafai ta yi makero, uku a wuya, ɗaya a kunne. Ba ruwana da ita. Aikinta kawai ta hana ɓera cin littattafan da mahaifina ya bari.

Laraba, 8
Makero ya fito wa Ma'u jikata a kumatu. Turai matata ta tsaya bakin ƙofa, ta nuna kyanwar: "Malam, wagga mussa tas sa mata shi. Ko ita ko mu." Ta ce Mode mai jaki ya kai ta Rabah ran Asabar, ya yar da ita.

Asabar, 11
Mode ya tafi da buhu a ɗaure. Tsumma ne a ciki. Kyanwa tana ɗakin littattafai, na ja ƙofa, Turai ba ta shiga nan. Ƙarya da furfura, Allah Ya yafe. Saboda littattafan ne.

Lahadi, 12
Malamin asibitin Nasara ya ba ni farar wuta don Ma'u. Na rage kaɗan, na kwaɓa da man kaɗe, na aske gashin wurin, na shafa wa kyanwa. Kafin in wanke hannu ta lashe shi tas.

Talata, 14
Na huda tsohuwar ƙwarya na sa mata a wuya, harshe ba ya kaiwa. Tana tafiya tana karo da bango. Na yi dariya ni kaɗai.

Alhamis, 16
Ba ta yarda a shafa sai a cinyata. To.

Talata, 21
Kumatun Ma'u ya washe. Wuyan kyanwa ya fara gashi. Ni kuma wani zobe ya fito mini a wuyan hannu, yana ƙaiƙayi. Na saki hannun riga.

Asabar, 25
Ina alwala Turai ta kama hannuna. "Mi yas same ka nan?" Na ce zufa ce. Ta duba, ta daɗe. "Ikon Allah. Makero tun daga Rabah, da ƙafa." Kunya ta kama ni.
Ta shafa mini maganin da kanta. Da la'asar na tarar da ƙoƙon nono a ƙofar ɗakin littattafai. Ni ba na shan nono, ta sani.
Ɓera bai taɓa ko takarda ɗaya ba. Yau ma ban duba ba, sai yanzu na tuna. Kyauta, sunan da na sa wa kyanwar ke nan, tana barci a cinyata, shi ya sa rubutun ya karkace.